Hannuwan Buakham

Kafin rana ta taɓa kogin Ping
kakata Buakham ta riga ta hura wuta.
Citta, gangamau, ɓawon lemo, ganyen tsamiya, ɗan kafur,
ta ƙulle su a farin ƙyalle,
ta jera bisa tukunya, tururi na ratsa su.

Ta ce da ni: Chanpeng, jiki ba ya ƙarya.
Baki zai ce lafiya lau,
kafaɗa ce mai tona asiri.

Insom ne ke fara sallama,
mai jar motar haya,
shekara ashirin bisa kujera ɗaya
har ƙugunsa ya zama ƙyauren da ya yi tsatsa.
Shi ba a shafa masa mai.
Da tufafinsa yake kwanciya a tabarma,
ta naɗe shi, ta warware,
ta danna da gwiwa, ta ja ƙafa, ta murɗa baya,
yana kiran uwarsa da ta daɗe a ƙasa.
In ya miƙe sai ya yi tsai
kamar wanda aka biya bashin da ya fid da rai.

Saithong mai ɗinki wuyanta ne.
Allura ta sunkuyar da ita tun tana budurwa.
Ita ƙunshin nan mai zafi ake ɗora wa,
a danna, a ɗaga, a danna,
har rawayar gangamau ta zauna a fatarta.
Ba ta magana. Barci take yi,
barcin da ya ƙi zuwa mata a gida.

Manoman shinkafa kuwa, in damina ta ja jiki,
naman bayansu ya fi ƙarfin yatsa.
Sai ta ɗauko guduma da turken tsamiya,
ƙwas, ƙwas, ƙwas,
tana bin jijiya kamar mai neman hanya a duhu.
Wai itacen tsawa ce ta faɗa masa.
Ban ga tsawar ba.
Na dai ga tsoho ya shigo da sanda
ya tafi ya manta ta a bakin ƙofa.

Akwai wadda ba a yi kuma.
Kakana ne gwaninta:
ya tsoma diddige a man riɗi,
ya taɓa bakin garma da ke kan garwashi,
wuta ta yi fau,
ya taka cinyar mai ciwo da ɗumin.
Garmar na nan rataye. Gizo-gizo ya gaje ta.

Wata rana wani ya zo ƙafa a kumbure,
ja, da zafi kamar an dafa.
Ya zube kuɗi. Ta tura masa abinsa.
Wannan ba tawa ba ce, in ji ta, maza asibiti.
Daga nan na gane
janye hannu ma rabin sana'a ne.

Bana sanyi ya shiga yatsunta.
Sun lanƙwashe kamar saiwar citta,
ko ƙullin ƙyalle ba sa iyawa.
Ni ke naɗe Insom yanzu,
ni ke riƙe guduma,
tana gefe tana gyara ni da ido.

Da dare, in an rufe ƙofa,
nakan ɗumama ragowar man riɗi a cokali,
in ɗauki hannunta in ɗora a cinyata.
Gaɓa ɗaya, gaɓa ɗaya,
tafin da ya sauke wa rabin unguwa gajiya.

Ta ce: kin cika sauri.
Na rage.
Ta ce: nan, ƙasa kaɗan.
Sai ta yi shiru.

Kwaɗi na ta surutu a bakin kogi.
Ban saki ba
sai da na ji nauyin kanta a kafaɗata.